Rangwamen Haraji Ko Taimakon Albashi?

Idan samari suka yi yawa a gari ba su da aikin yi, hankalin hukuma ba ya kwanciya, gama kowa ya san abin da zaman banza ya kan haifa. Gwamnati kuwa ba ta da ikon ɗaukar kowa da kowa. Saboda haka sai ta juya wajen masu kamfanoni da masana'antu, ta ce su ɗauka. Amma ɗan kasuwa ba ya ɗaukar ma'aikaci don tausayi, sai ya hangi riba. To, da me za a jawo hankalinsa?

Waɗansu masana suka ce a rage masa haraji, in kuɗi suka yi masa yawa a hannu zai faɗaɗa sana'arsa, ya nemi ƙarin hannuwa. Waɗansu kuwa suka ce a'a, a bar haraji yadda yake, amma duk wanda ya ɗauki sabon ma'aikaci, Gwamnati ta ɗauke masa wani kashi na albashin.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, duka biyun dukiyar jama'a ce ake kashewa. In kana bin mutum naira 10,000 ka yafe masa 5,000, daidai yake da ka zaro 5,000 daga aljihunka ka ba shi. Harajin da aka yafe wa attajiri, da an karɓa, da ya zama magani a asibiti ko rijiya a ƙauye. Ashe maganar ba ta lissafi kaɗai ba ce, maganar amana ce: wanda aka damƙa wa baitulmali, ya halatta ya ba da dukiyar talakawa bisa zato kawai?

Masu son rangwamen haraji suna da hujja, kada a raina ta. Mai masaƙa ya fi magatakarda na ofis sanin abin da masaƙarsa ke bukata. Wataƙila sabon inji ne, wanda zai sa kayansa su yi araha, ciniki ya ƙaru, sa'an nan a ɗauki mutane. Amma kuma yana iya sayen injin da zai kori rabin ma'aikatansa, ko ya gina wa kansa gidan sama. Ba mai tuhumarsa, don ba a yi alkawari da shi ba.

Ga abin da ya faru a Amurka. A shekarar 2004 majalisarsu ta yi wata doka wadda har a sunanta aka ambaci samar da ayyuka. Manyan kamfanoni suna da riba mai yawa ajiye a ƙasashen waje, sun ƙi kawo ta gida don gudun harajin kashi 35 cikin 100. Aka ce su kawo, za a karɓi kashi 5 da 'yan kai kurum. Suka kawo dala wajen biliyan 300. Dokar ta hana a raba wa masu hannun jari kuɗin, amma kuɗi ba su da shaida a goshi; in an zuba su cikin asusu ɗaya, wa zai ce wannan dalar ce ta zo daga waje? Da wani kwamitin majalisar dattawansu ya bincika a 2011, sai ya tarar kamfanoni 15 da suka fi kowa cin moriyar rangwamen sun rage ma'aikata fiye da 20,000. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Waɗannan sun ci ladan, askar kuwa ba ta fita daga kube ba.

Taimakon albashi ya fi nan tsari, domin ba a biya sai ga ma'aikaci tsaye, da sunansa cikin littafi. Afirka ta Kudu ta fara irinsa ran 1 ga Janairu, 2014, don matasa masu shekara 18 zuwa 29. A lokacin da aka fara shi, wanda ya ɗauki irin wannan yaro a ƙaramin albashi, sai a rage masa har rand 1,000 kowane wata daga kuɗin da zai kai wa ofishin haraji, a shekara ta biyu a rage rabin haka, daga nan a daina. Hikimar abin ita ce, yaron da bai taɓa aiki ba kowa yana tsoron gwada shi. In jama'a suka ɗauki rabin hasarar gwajin, sai ya sami ƙofar shiga.

Duk da haka ba a rasa aibi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar suka yi tsaye a kan cewa za a sallami magidanci mai iyali a sa yaro mai araha a gurbinsa. Masu bincike kuma har yanzu ba su daidaita ba: waɗansu sun ga ƙaruwar aiki a ƙananan kamfanoni, waɗansu sun ce yawancin yaran da aka biya dominsu, da ma za a ɗauke su ko ba taimakon.

Ni dai a ganina, taimakon albashi ya fi kusa da riƙon amana, muddin an yanka masa wa'adi, an kuma hana korar tsohon ma'aikaci dominsa. Ba don ba ya ɓarna ba, sai don ɓarnarsa tana ƙirguwa. Ana iya aika mai duba littattafai ya ga ko ma'aikacin nan yana nan ko sunan fatalwa ne. Ban da wannan, harajin riba mai riba ke biyansa, watau rangwamensa yana zuwa ga wanda kasuwa ta riga ta yi wa kyau, mai fama da hasara, wanda ke shirin sallamar yaransa, ba ya samun ko anini.

A ƙasarmu akwai wata wahala kuma. Dokar kuɗi ta Nijeriya ta 2019 ta ɗauke harajin riba daga kamfanonin da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. Madalla. Amma yawancin samarinmu ba a kamfani suke koyon aiki ba, suna wurin tela ne, da maƙeri, da makanike a bakin tasha. Waɗannan iyayen gida ba su da rajista, ba su da littafin albashi, yaransu kuɗin abinci a kan ba su da yamma. Rangwame ba ya isa gare su, taimako ma bai san hanyar rumfarsu ba, sai fa in hukuma ta fara zama da shugabannin sana'o'i a rubuta wa ke koyar da wa.