Makin Hutu: Cinikin Biri a Sama

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa hutu Olando ta jihar Fulorida, ko tsibirin Tenerife na Sifen, da wuya a ce bai ci karo da masu tallan gidajen hutu ba. Za su tare ka da fara'a a harabar otal, su yi maka alkawarin tikitin wurin wasa kyauta, in dai za ka zauna minti casa'in ka saurari bayani. Minti casa'in sai ya koma awa huɗu, kafin ka miƙe an miƙo maka biro.

Hajarsu ita ce gidan hutu na karɓa-karɓa. Tun shekarun 1960 aka faro shi a Turai, kuma galibi fasalinsa a bayyane yake: ka sayi mako guda a ɗaki kaza, duk shekara wannan makon naka ne. In ka gaji da wurin, kamfanonin musaya irin su RCI, da aka kafa a 1974, da Interval International na 1976, su haɗa ka da mai mako a wani gari ku yi canji. Ko ba komai, ka san ƙofar da ka saya.

Yanzu maki ake sayarwa. Disney ta shigo da nata tsarin a 1991, RCI ta bi a 2000, Marriott kuma a 2010. Wai sauƙi ne: ka kashe makinka inda ka so, lokacin da ka so. To wa ke yanka wa makin daraja? Kamfanin da ya sayar maka. Shi ke riƙe da jadawalin da ke cewa kwana ɗaya a watan Disamba maki nawa ne, shi kuma ke sake masa fasali. Kuɗi ne da mai shago ya buga da kansa, ba ya ciwuwa sai a shagonsa, kuma farashi na bakinsa. Makin da ya ishe ka mako guda lokacin hutun makaranta na iya wayar gari bai kai ba. Ka je ka koka, a ce maganin ka ƙara sayen maki. Har taro suke kira da sunan wayar da kan masu mallaka, alhali tallan ƙari ne zalla.

Sannan ga layi. Mai mako tsayayye ba ya takara da kowa. Mai maki kuwa da dubban mutane yake kokawa a kan 'yan makonnin da kowa ke so, kuma masu maki da yawa su ake fara buɗe wa ƙofa. Makin da ba ka kashe ba, ko ka ɗaga shi zuwa baɗi kafin wa'adi, ko ya bi ruwa. Musaya ma ba kyauta ba ce, akwai kuɗin rajista na shekara, akwai na kowane canji.

Abin da ba ya bin ruwa shi ne kuɗin kula da gini. A Amurka matsakaicinsa ya haura dala 1,000 a shekara, kullum hawa yake, ka je ko ba ka je ba. Yarjejeniyoyi da yawa ba su da ƙarshe, har cikin gado suke shiga. Shi ya sa za ka ga abin da aka saya dubban daloli an sa shi a eBay a kan dala ɗaya, ana neman mai ɗauke wa mutum kaya. (A nan wasu 'yan damfarar suke laɓe, su karɓi kuɗi gaba wai za su fitar da kai, su yi layar zana.) Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu ya tambayi kansa: mene ne ainihin abin da aka sayar, kuma an san adadinsa?

Hukumomi sun ɗan farga. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta bai wa mai saye kwana 14 ya janye, ta kuma hana karɓar ko sisi a cikin kwanakin. A 2015 kotun ƙolin Sifen ta rushe yarjejeniyar da ba ta da wa'adi, domin dokar ƙasar ta 1998 ta tsaya a shekara 50. A Fulorida kwana 10 ne kacal. 'Yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila, da masu zuwa hutu daga gida, kada ku sa hannu a ranar da aka yi muku talla, ko da an rantse ragin na yau ne kaɗai. Wanda kuma ya riga ya sa, ya duba kwanan watan takardarsa yau, ya aika wasiƙar janyewa a rubuce, ya adana shaidar aikawa.