Barden da Ba Ya Tambaya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zurmi ko Ƙauran Namoda ya girma da sunan Muhammadu Namoda a kunnensa. Shi ne jarumin Alibawa da ya riƙe wannan yanki na Zamfara a zamanin jihadi, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808 aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma garin da layin dogo ya tuƙe a cikinsa a 1929 har gobe sunansa yake amsawa. Mun san Namoda, mun san Yunfa, mun san Muhammadu Bello. Wanda ba mu sani ba shi ne mutumin da ke bayansu bisa doki, cikin lifidi da sulke, kwalkwali ya sauko masa har gira, wanda in an ce ya sara sai ya sara. Babu maroƙin da ya adana kirarinsa, babu garin da aka raɗa wa sunansa. Amma hannunsa ne ya yi aikin, na alheri da na tsiya. Ba a taɓa yin sarkin da ya ƙone gari shi kaɗai ba.

A kan wannan ƙaramin barde nake son yin magana, da cutar da ta fi kama shi, wato makauniyar biyayya: mutum ya damƙa wa ubangidansa hannunsa, sannan ya haɗa masa da zuciyarsa da hankalinsa.

Matasanmu da ke kallon fim a waya sun san shirin Game of Thrones, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, aka ɗauko shi daga littattafan wani marubucin Amurka, George R. R. Martin. A cikinsa akwai wani barde mai suna Meryn Trant, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka yi rantsuwar tsaron sarki. Ba babban ɗan wasa ba ne, da yawa sun gama kallo ba su riƙe sunansa ba. Sarkin da yake wa aiki, Joffrey, yaro ne mugu, kuma a hannunsa akwai wata yarinya, Sansa Stark, wadda shi ya sa aka fille wa mahaifinta kai. In ta faɗi abin da bai yi masa daɗi ba, ba ya dukanta da kansa, don an koya masa cewa bai dace da sarki ba. Sai ya waiwayi barden. Shi kuwa ya matso ya sharara mata mari, ya koma inda yake tsaye. Ba ƙin jininta yake yi ba, kuma ba ta yi masa komai ba. An sa shi ne kawai.

Marubucin ya gano wani abu a nan da ya kamata mu tsaya a kansa. Azzalumi yana buƙatar hannun aro. Yana so ya ce shi bai taɓa kowa ba, yaron kuma yana so ya ce shi ba ra'ayinsa ba ne. Sai laifin ya faɗa tsakaninsu, kowa ya kwanta barci da lamiri mai sanyi, wanda aka zalunta kuwa yana can yana jinya.

Mu Hausawa muna da maganganu biyu da ke ba wannan ɗabi'a mafaka. Ta farko, bin na gaba bin Allah ne. Ta biyu, ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ɗaya ta wanke yaro, ɗaya ta wanke ubangida. In ka haɗa su, babu mai laifi a duniya ke nan. Kowacce tana da gaskiyarta a inda ta dace: gari ba ya zaunuwa in kowa gaban kansa yake yi, kuma bafade na iya ɓata sarkin kirki. Amma an ja maganar farko har an kai ta inda addinin da ake jingina ta gare shi bai kai ta ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura wata runduna, ya naɗa mata shugaba, ya umarce su da su bi shi. A hanya shugaban ya fusata, ya sa aka tara itace aka hura wuta, ya ce su shiga. Wasu har sun yunƙura, wasu suka ce ai gudun wuta ne ya kawo su wurin Annabi. Da labari ya koma Madina, waɗanda suka ƙi shiga aka gaskata, aka kuma bayyana cewa biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. A lura, wannan shugaba Annabi ne da kansa ya naɗa shi. To ina ga oga, ina ga kachalla, ina ga ɗan siyasar da ya saya maka babur? Alƙur'ani kuwa, a cikin Suratul Ƙasas, da ya zo kan laifin Fir'auna, ya ambaci Hamana, ya kuma haɗa da rundunoninsu. Bai ware ƙaramin soja ya ce shi ɗan aike ne ba. A wurare da dama ya siffanta ranar da mabiya za su kawo uzurin cewa manyansu suka bi, manyan kuma su yi tsalle su barranta da su.

Tarihin ƙasar nan ma ya ishe mu. A ƙarshen 1803 Yunfa ya tura mayaƙa Gimbana, garin almajiran Malam Abdussalami, suka kashe na kashewa suka ɗaure saura. Wannan hari yana cikin abubuwan da suka kai Shehu Usmanu ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Yunfa bai je Gimbana da ƙafarsa ba, barade ya aika. Kuma kada mu yi zaton cutar ta tsaya a ɓangare guda. Lokacin da jama'ar Shehu suka zauna a Sabon Gari cikin Zamfara a 1805, yunwa ta sa mayaƙa suka riƙa afka wa rumbunan talakawa, har garuruwan da suka tarbe su da farko suka juya musu baya. Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu kuma babban kwamandansa, abin da ya gani na kwaɗayin duniya a cikin runduna ya dame shi har ya bar ta a 1807 da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi. Ya dawo daga baya, bai yi wa ɗan'uwansa tawaye ba. Irin biyayyar da nake girmamawa ke nan, mai idanu biyu, wadda take iya cewa a nan kam ba da ni ba.

Bayan shekara ɗari, a Fabrairun 1903, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi karo da 'yan mulkin mallaka kusa da Kwatarkwashi. Turawa biyu ne kacal a wurin, tare da sojoji 44 baƙar fata. Waziri ya faɗi a nan. A wata mai bi Sakkwato ta faɗi, kuma mafi yawan masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da Hausawa da yawa a cikinsu. Haka aka yi a Satiru a 1906. Mukan ce Bature ya ci ƙasarmu. Gaskiya ne, amma da yatsun 'ya'yanmu ya ja kunama.

Yau ba sai an buɗe littafi ba. Wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Zurmi, ya wuce Gurbin Bore ya nufi Jibiya, ko ya ɗauki hanyar Shinkafi, ya san irin addu'ar da ake yi kafin a hau mota. A Yunin 2021 an kashe mutum 53 a ƙauyukan Zurmi, ciki har da Kadawa da Kwata da Maduba. Kowa ya san sunan Bello Turji, kamar yadda aka san sunan kowane kachalla a dajin da yake. Amma mutum guda ba ya tare hanya, ba ya kora shanu ɗari, ba ya gadin mutanen da aka ɗaure a daji wata biyu. Yara ne ke yi, wasunsu ko gemu ba su fara ba, uku uku bisa babur. Akwai mai kai mai a jarka, akwai mai kai burodi da ƙwaya, akwai infoma da ke zaune a majalisa tare da mu yana lissafin wanda ya sayar da sa ranar kasuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Da gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Satumban 2021, ta hana sayar da mai a jarka, abin da take faɗa a fakaice shi ne daji ba ya rayuwa sai da hannayen cikin gari. In an kama ɗaya daga cikin waɗannan, amsar ba ta canzawa: oga ne ya aiko ni, ni yaro ne, ban san komai ba.

Dole kuma in faɗi ɗaya ɓangaren, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ɗan sa-kai da ya tare Bafulatani a kasuwa, bai san shi ba, bai gan shi da laifi ba, ya kashe shi don shugaban ƙungiya ya nuna shi da baki, cutar nan ce dai ke cinsa. Na san zafin da ya fito da 'yan sa-kai, na san akwai waɗanda suka ba da rayukansu don ƙauyensu ya kwana lafiya, kuma ina ganin girmansu. Amma jinin marar laifi ba ya halatta don wanda ya zubar da shi namu ne. Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024, da soja da ɗan sanda, duk wannan magana ta shafe su. Kaki ba ya ɗauke wa mutum hisabi. Haka yaron ɗan siyasa da aka ba gora da kuɗin shayi ranar zaɓe.

Akwai tambayar da mai adalci zai yi, kuma tana da nauyi: wanda aka tilasta fa? Manomin da aka ce ya biya haraji kafin ya girbe geronsa, ko ƙauyen da aka kora gaba ɗaya zuwa noman gonar ɗan bindiga, ko matar da aka sa dafa musu abinci da bindiga a kanta? Waɗannan ba su ne nake nufi ba, kuma zunubi ne mai zaune cikin birni lafiya ya ɗora musu laifi. Shari'a ta san tilas. Ammar ɗan Yasir ya furta kalmar kafirci a ƙarƙashin azaba, aka karɓi uzurinsa. Amma malaman fiƙihu sun ja layi a wuri guda, kuma sun haɗu a kansa: tilas ba ta halatta maka kashe wani, domin ranka bai fi nasa tsada ba. Kana iya ba da dukiyarka don ka tsira, kana iya ba da guminka. Ba ka da ikon ba da ran maƙwabcinka, ko ka nuna gidan da 'yarsa take kwana. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin masu cewa an sa su ba wuƙa aka ɗora musu a wuya ba. Kuɗin kati ne, ko alkawarin babur, ko jin daɗin a ce yaron wane ne. Talauci na nan, ba na musunsa, amma a ƙauyen da infoma guda ya fito akwai matalauta ɗari da aka yi wa tayin suka ƙi.

Dokar duniya ma nan ta tsaya. A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, an ƙi karɓar uzurin bin umarni a matsayin abin da ke wanke manyan jami'an Jamus. Dokar hana azabtarwa ta Najeriya ta 2017 ta ce umarnin na gaba ba hujja ba ne ga wanda ya azabtar da wani.

Mai makauniyar biyayya yana so a ɗauke shi kamar wuƙar mahauci, wadda ba ruwanta da abin da aka yanka da ita. To, wuƙa ba a tayar da ita ranar ƙiyama. Abin da ya fi ba ni tsoro game da wannan hali shi ne kamarsa da nagarta. Ɓarawo ya san shi ɓarawo ne. Shi kuwa wannan ganin kansa yake mai amana, mai ladabi, wanda ba ya saɓa wa maigida, har a yaba masa a gaban jama'a. Kuma ubangidan da ya koya maka cewa ran mutum ba komai ba ne, ranar da ya gama da kai ba zai ga naka da daraja ba. Yara nawa ne suka mutu a rikicin kachalla da kachalla, aka bar gawarsu a daji ba wanka ba sallah?

A gida abin yake farawa. Muna renon yaro a kan cewa tambaya rashin kunya ce. In ya ce don me, sai a daka masa tsawa. Ya tafi makarantar allo ko ta boko ya tarar da haka, ya je koyon sana'a ya tarar da haka. Ranar da mugu ya karɓe shi, ya sami ƙasa a share, don ba a taɓa nuna wa yaron cewa akwai umarnin da ake ƙi ba. Ba cewa nake a koya wa yara tsaurin ido ba. Ladabi ado ne, kuma ina son mu riƙe shi. Amma yaro na iya durƙusawa har ƙasa, ya ce ranka ya daɗe, ka gafarce ni, wannan ba zan iya ba.

Iyaye da malaman Gurbin Bore, da na Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, ku ne za ku koya musu wannan jumla, tun kafin wani ya miƙa musu makullin babur. Limamai su kawo labarin rundunar nan da wutarta a huɗubar Juma'a, su fassara shi da Hausar da yaro zai gane. Kai kuma ɗana, da ke karanta wannan alhali akwai wanda ke jiran ka kai masa labarin wani gida a daren nan, kada ka kai. In ba za ka iya ƙi a gabansa ba, bar garin, ka je wurin wani babba da ka amince da shi ka faɗa masa.