Kunne Bai San Iyaka Ba

'Yan'uwa ɗalibai, in matashin Ƙonni ya so kiɗan da bai jin harshensa, ya saida gida ke nan? Ni dai ban yarda ba.

Ku saurari Abraxas, faifan Santana na 1970, ko faifan farko na Osibisa na 1971, ƙungiyar da 'yan Gana suka kafa a Landan. Jita na kira, ganguna na amsawa, kamar Shata da 'yan amshinsa. Wanda ya tashi da kalangu zai gane wanga zance.

Abin kunya kawai shi ne ka haddace Santana, a tambaye ka Ɗan Gurmu na Tawa ka yi zuru. Kunne biyu gare ka: ba baƙo ɗaya, ka bar ma gida ɗaya.