Hanya Ta Wa Ce, Ta Matafiyi Ko Ta Mazaunin Gefenta?

A shekarar 2018 aka soma aikin sake gina babbar hanyar da ta tashi daga Abuja, ta ratsa Kaduna da Zariya, ta dire Kano, mai tsawon kilomita 375. Matafiya sun yi murna da wuraren da aka kammala, amma garuruwan da ke bakinta, irin su Jaji da Tashar Yari da Kwanar Dangora da Kura, lissafinsu daban ne. Hanya in ta yi kyau direba yakan saki mota, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya. Ga makaranta a wannan tsallake, ga gidaje a wancan. Ga gona can, ga kasuwa nan. Shingen da akan gitta a tsakiya domin hana motoci karo, shi ne kuma yake raba gari biyu.

To, a nan ne tambaya take. Idan mutanen gari suka ga wurin juyawa ya yi musu nisa, ko halal ne su fasa shinge su buɗe wa kansu ƙofa? Idan mota ta buge musu yaro, ko suna da ikon su tara ƙasa da duwatsu a kan kwalta domin rage gudun motoci?

Kukansu gaskiya ne, wanda ya raina shi bai taɓa tsallakar da tsohuwa a gaban tirela ba. Sai dai malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan irin wannan. Imam Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, ko ya yi wani abu makamancin haka a inda ba shi da izni, lamunin duk abin da ya halaka a sanadinsa yana wuyansa. Dalili kuwa shi ne hanya ba mallakar wanda ke zaune kusa da ita ba ce. Baƙon da ya taso daga Legas da dare yana da haƙƙi a cikinta daidai da na dagacin garin. Shi wannan baƙo bai san an yi tudu jiya ba, babu alama, babu fenti. Kadan ya hau shi a guje motar ta kife, niyyar kirki ta waɗanda suka yi tudun ba za ta mayar da ran da ya fita ba. Ƙa'idar malamai ce cewa ba a gusar da cuta da wata cutar irinta. Haka hukuncin ɗan acaɓan da ke saɓa hannu don ƙyashin zagaye, da mai kasa kaya a kan kwalta ranar kasuwa, alhali kuwa kawar da abin cutarwa daga hanya an lissafa shi cikin rassan imani.

Amma fa nauyin hukuma ya fi na talaka. Ana ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji tsoron Allah zai tambaye shi game da dabbar da ta yi tuntuɓe a Iraƙi saboda bai gyara mata hanya ba. Wanda ya hana mutane su yi wa kansu magani, lalle ne ya kawo musu maganin. Gadar tsallakawa da aka kafa nesa da inda ƙafa ta saba bi, ko aka yi mata matakan da tsoho da mai ciki da mai tura baro ba su iya hawa, an dai kashe kuɗi ne kawai. Makiyayi ma ba zai hau matakala da shanunsa ba.

Shawara a Musulunci ba ado ba ce, kuma wurinta kafin a zuba kankare ne. Dagatai da limamai su ne ya kamata su rubuta kuka su kai ga Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, su kuma nace har a amsa. Injiniya kuwa, kafin ya zana inda gada za ta zauna, ya zo ranar kasuwa ya tsaya daga hantsi zuwa la'asar, ya ga inda 'yan makaranta da masu kai gawa maƙabarta suke tsallakawa.