Mawaƙan Dawuda Sun Yi Makaranta

Littafin Tarihi na Fari sura 25 ya ba mu lissafin mawaƙan da Dawuda ya keɓe domin hidimar gidan Ubangiji: mutum 288, kashi 24, kowane kashi mutum 12, a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. Nassi ya nuna horarru ne, har a cikinsu akwai malami akwai ɗalibi. A sura 15 kuma, gwaninta ce ta sa aka ba Kenaniya shugabancin waƙa. Ashe a gidan Allah baiwa ba ta hana makaranta.

Na kawo wannan ne saboda iyayenmu na Maiduguri waɗanda 'ya'yansu ke shirin jarrabawar ilimin rubutun kiɗa. Hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, da ƙungiyar MUSON ta Legas, wadda aka kafa a 1983, suna gwada ɗalibai mataki-mataki. A tsarin ABRSM mataki na 5 shi ne ƙofa: sai ka haye shi, ko abin da ya yi daidai da shi, kafin ka zauna jarrabawar kaɗa kayan kiɗa ta mataki na 6 zuwa na 8. A nan ne yaro yake barin do-re-mi kaɗai, ya zauna da layukan nan biyar, ya koyi auna tazarar da ke tsakanin sauti biyu, da yadda ake ɗaga waƙa ko a saukar da ita ba tare da ta lalace ba, da yadda sauti uku ke haɗuwa su yi jituwa. Aiki ne na fensir da haƙuri, wanda ba a yi wa tafi.

Wani uba zai ce, ai Zumuntar Mata ba su san layi biyar ba, ga shi kuwa idan suka tashi da tulu da caki, majami'a takan girgiza. Gaskiya ne, kada kowa ya rena wannan. Amma mu tuna abin da ya same mu. A Yuli 2009 aka rushe majami'ar EYN ta Wulari. A 2014 Gwoza ta faɗi, 'yan'uwa suka kwararo cikin birnin nan ba tare da komai ba sai abin da ke cikin kansu. Majami'a an sake ginawa. Waƙar Margi ko Kibaku ko Glavda da ke bakin tsohuwa ɗaya fa, idan Ubangiji ya kira ta, wa zai sake gina ta? Waya takan ɗauki murya, amma waya takan ɓace. Wanda ya iya rubutu zai ajiye waƙar a takarda, ya raba ta murya huɗu, ƙungiyar mawaƙa a Biu ko Jos ta ɗauka ta koya.

Akwai kuma batun harshe. Hausa tana tafiya da hawa da saukar murya: "wuya" ta jiki daban, "wuya" ta wahala daban, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Yawancin waƙoƙin da aka juyo mana daga Turanci an ɗora kalmominmu ne a kan karin da ba nasu ba, har wani lokaci sai mai sauraro ya yi ta laluben ma'ana. Manzo Bulus, a 1 Korintiyawa 14, ya ba da misalin sarewa da molo waɗanda in sautinsu bai rarrabu ba, ba a gane abin da ake kaɗawa, ya kuma bukaci a raira da ruhu da hankali tare. Ɗan da ya san Hausa ya kuma san ƙa'idar kiɗa, shi zai tsara mana kari mai bin maganarmu. Shi ne kuma zai cece mu daga mai kibod ɗin nan da ya iya wuri ɗaya tak, yana ta danna maɓalli yana neman murya, jama'a na tsaye suna jira.

Saboda haka, uwa, idan kin ga 'yarki ta duƙufa tana zana ɗige-ɗige a kan layi bayan ta gama aikin makaranta, ki bar mata fitilar. Uba, ka sa kuɗin jarrabawar cikin lissafin shekara. Dattawan ikilisiya, jarrabawar ABRSM ta mataki na 1 zuwa na 5 ta koma kan intanet tun 2020. Ɗaki mai shiru da wuta da kwamfuta a ofishin majami'a zai wadatar da yara da yawa. Ku kuma ɗalibai, kafin ranar jarrabawa ku je wurin kaka da takarda da fensir, ku roƙe ta ta raira muku waƙa ɗaya sau uku a hankali, ku rubuta.