Rigar sanyi ta hannu: ɓata lokaci ne ko sanin darajarsa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk mai darasin ƙarfe takwas na safe ya san yadda iskar gabas ke shiga har ƙashi. A lokacin nan ne ƴan bosho ke baje rigunan sanyi a bakin kasuwa, a lokacin ne kuma ake ganin wasu ƴan mata, a ɗakunan kwana ko a ƙarƙashin bedi, riƙe da tsinke biyu da dunƙulen zare suna saƙa tasu. Maganar da ake jefa musu ba ta canzawa: "Ke kau ba ki da aikin yi? Ga su can an zube, jikka nawa ce?" Ana faɗinta da dariya, amma akwai tambaya mai nauyi a ƙarƙashinta. Shin ya dace mutum ya kashe kwanaki yana yin abin da zai iya saye cikin minti biyar? In kuma ya dace, mi ya sa?

Mu fara ba mai suka haƙƙinsa

Mai wannan suka ba wawa ba ne, lissafi ma yana bayansa. Saƙar tsinke zare ɗaya ne tal, ana jawo shi zarge bayan zarge, kowace zarge tana rataye a jikin ta ƙasanta. Bari in kira kowace zarge "ido". Da zare matsakaici, faɗin santimita 10 yakan ci ido 20, tsawon santimita 10 kuma layi 28, wato ido 560 a ɗan filin da bai wuce tafin hannu ba. In ka haɗa gaba da baya da hannuwa biyu na rigar babban mutum, za ka tasam ma ido dubu 50. Mu ce hannun mai saƙar ya faɗa, tana yin ido 25 a minti. Minti 2000 ke nan, awa 33 da ɗoriya, ban da haɗa sassan rigar, ban da warware inda aka yi kuskure.

Mu maida shi kuɗi. Tun Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jikka 42 ne a wata, a kan aikin awa 40 a mako. Awa 33 ta tashi wajen jikka 8, ba a sa kuɗin zare ba. Sau da yawa kuɗin zaren kaɗai ya isa a sayi ta bosho. Ga ɗalibin da ke jiran bursi kamar ruwan farko, ga jarrabawa a gaba, ga fotokopin da bai karanta ba, wannan lissafi ba abin rainawa ba ne.

Sukar kuma ba yau ta fara ba. A 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa. Daga 1811, a yankin Notingam, masu saƙar safa suka riƙa farfasa injinan iyayen gidansu da dare saboda an karya musu kuɗin aiki, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1812 cewa wanda ya fasa inji hukuncinsa kisa. Ta fuskar kasuwa, hannu ya sha kaye tun tuni. Mu ma mun ga irinta a gida: kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, masaƙa sun yi gwado da saƙi, yadin kanti ya zo ya ture mafi yawansu. Duk da haka, shekara fiye da 400 bayan injin Lee, mutane na nan suna saƙa da tsinke, har a ƙasashen da tufafi suka fi araha. Ko dai dukkansu ba su iya lissafi ba, ko kuma ba nan gizo ke saƙa ba.

Aiki iri biyu

Aristot, masanin falsafar Girka, ya bambanta aiki iri biyu. Akwai wanda ake yi don abin da zai fito daga cikinsa, kamar gina ɗaki: in ɗaki ya tsaya, gini ya ƙare. Akwai kuma wanda amfaninsa yana cikin yin sa. Na farkon, in ka samu gajerar hanya, bi ta. Na biyun ba shi da gajerar hanya, don in ka gajarta shi ka rage shi ne.

Ba sai mun je Girka ba, mu leƙa fada. Shayi na zagaye uku, daga hura gawayi zuwa kumfar ƙarshe, yakan ci awa biyu ko fiye. Lipton a kofi minti uku ne. Amma wa ya taɓa shiga fada ya ce, "Ku bar wahalar nan, ga Lipton"? Kowa ya san ba ruwan zafin ya tara mu ba. Zaman ne, da hirar, da jiran da ke sa a saurari juna. To dan mi ɗan fada ya fahimci wannan a kan shayi, amma in ya ga tsinke a hannun ƴar ajinsu sai ya tuna da lissafin awa? Shi ya tashi da kofi wanke, ita ta tashi da rabin hannun riga. In za a yi shari'ar ɓata lokaci, ban ga alamar ita za a fara kamawa ba.

Saƙa ta haɗa iri biyun nan. Akwai riga a ƙarshe, akwai kuma abin da ke faruwa ga mutum yana cikin yi. Hannu na maimaita motsi ɗaya, numfashi na daidaita, hankali na samun wurin zama. Harshenmu ma ya lura da dangantakar zare da tunani. Muna cewa mutum na saƙar zuci, ko ya kwana yana saƙa da warwara. Bahaushe bai ce gini da rushewa ba, ya zaɓi saƙa, don ita ce aikin da za ka iya komawa baya ka kwance ba tare da ka yi asarar kayan aikin ba. In ido ɗaya ya suɓuce, sai ya tsinke layi bayan layi har ƙasa, dole mai saƙa ta koma ta ɗauko shi. In ta ga kuskure a layi na goma tana na talatin, za ta zaɓa: ta rufe ido ta wuce, ko ta warware aikin yini guda. Ba mai ganinta, ba maki, ba malami. A irin wannan wuri ne hali ke ginuwa, kuma wadda ta saba warware layi ashirin don ido ɗaya, da wuya ta miƙa aikin bincike da ta san akwai ƙarya a ciki.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Dalili na biyu ya fi nauyi a wurina. Wanda ya taɓa saƙa ko da hular jariri, ya daina kallon tufa kamar abin da ya faɗo daga sama. Ya san kowane ido wani ya yi shi, ko wani ya tsaya a gaban injin da ya yi shi, wani ya haɗa kafaɗa, wani ya ɗinka maɓalli.

Ita rigar bosho da muke yabon araharta, daga ina ta fito? An ɗinka ta a wata masana'anta, wani ya saye ta a Turai ko Amurka ya sa ya gaji, aka matse ta cikin dila, ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, ta hau babbar mota har ta iso mu. A ranar 24 ga Afrilun 2013, wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta kusa da Daka, babban birnin Bangaladash. Masana'antun ɗinki ne a ciki, masu yi wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. Mutum sama da 1100 suka mutu, akasarinsu mata. An ga tsaga a bangon tun kwana ɗaya kafin nan, amma aka umarci ma'aikata su koma bakin aiki. Ban ce kowace riga a kasuwa daga can ta fito ba. Abin da nake cewa shi ne, in abu ya yi araha fiye da kima, akwai yiwuwar wani ya biya cikon a inda idonmu bai kai ba.

Ku duba ma yadda suna ke tafiya. Rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai, Turawa na ce mata kardigan. Sunan wani basaraken Ingila ne, Lod Kardigan, wanda ya jagoranci harin dawakai a Balaklaba a 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, harin da ya ci rayukan sojojinsa da yawa. Sunansa na bakin duniya har yau, a jikin rigar da bai saƙa ido ɗaya a cikinta ba. Waɗanda suka saƙa ta kuwa ba wanda ya riƙe sunansu. Mai saƙa da hannu aƙalla ta san wannan rashin adalci a yatsunta.

Kyautar da aka auna da jiki

Yawancin abin da ake saƙawa a nan ba mai saƙar ke sa shi ba. Hula ce da safa da ƴar riga ta jaririn yaya, a kai ran suna, ko rigar sanyi ta tsoho mai fita asuba. Marcel Mauss, masanin zamantakewa na Faransa, ya nuna a littafinsa kan kyauta na 1925 cewa kyauta na ɗauke da wajibi uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Matan Maraɗi da Damagaram ba su buƙatar a fassara musu wannan, sun san biki, sun san abin da aka kawo maka yau za ka mayar gobe, har da ƙari.

Amma rigar hannu ta ɗan fita daga wannan lissafi. Turmin atamfa an san kuɗinsa, ana iya rama shi daidai. Awa 33 da wata ta cire daga rayuwarta, tana auna faɗin kafaɗarka, tana tuna kalar da kake so, da mi za ka rama ta? A rubutu, ƙugiya ɗaya ce ta raba saƙa da saka, a salula ma yawancinmu ba mu sa ƙugiyar. Wanda aka saƙa wa riga, abin da ya rage masa shi ne ya saka ta, ya ce Allah ya saka da alheri.

A nan kuma akwai tarko, kuma masu saƙa ya kamata su ji shi. Kyautar da ba a iya ramawa tana iya zama igiya. In kin ba mutum riga, kullum kina tuna masa dare nawa kika yi a kanta, kina duba ko ya sa, kina fushi in bai sa ba, kin maida ta bashi. Gori na warware alheri kamar yadda jan bakin zare ke warware riga. Wanda bai roƙa ba, ba a ɗora masa nauyin abin da bai ce a yi ba.

Inda ya kamata mu yi hattara

Kada kuma mu maida tsinke tutar tsarki. Zaren da ake samu a kasuwanninmu mafi yawansa na roba ne, akirilik, daga man fetur aka samo shi, masana'anta ta yi shi. Saƙa riga ɗaya ba ta rufe masana'antar zalunci ko ɗaya ba. Wanda ya sayi bosho don ita ce daidai aljihunsa bai yi laifin komi ba, sanyi ba ya jiran falsafa.

Sannan kalmar sha'awa kanta tana da iyaka. Ɗalibar da ke saƙa don ta huta daga karatu daban take da matar da ta koyi saƙa a cibiyar koya wa mata sana'a, take yin kayan jarirai ta ba yaro ya zagaya da su don a samu na cefane. Tsinke ɗaya, zare ɗaya, amma ta farko in ta gaji ajiyewa take yi, ta biyu ba ta da wannan zaɓi. Abin kunya ne mu zauna muna yabon darajar aikin hannu, gobe mu tsaya gaban wannan mata muna taya kayanta da kuɗin da ko zaren bai biya ba, muna ce mata ai na kanti ya fi araha. In akwai inda wannan tunani zai zama aiki, wurin ciniki ne.

Saura samari masu cewa saƙa aikin mata ne, ko kuma al'adar Turawa ce. Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka samu a duniya, safa ce ta abduga daga Masar, tun ƙarnoni kafin injin Lee. A tsibirin Takile na ƙasar Peru, maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara ake koya musu. A wasannin Olimfik na Tokiyo a 2021, duniya ta ga Tom Daley, ɗan wasan Ingila da ya ci zinariya a tsalle cikin ruwa, zaune cikin ƴan kallo yana saƙa. A gidanmu ma, su wa ke zama a masaƙa, su wa ke ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga? Maza. Zare bai taɓa tambayar jinsin hannun da ya riƙe shi ba.

To, ɓata lokaci ne? A ganina lokaci na ɓaci ne in ya wuce bai bar komi ba, a hannunka, ko a halinka, ko tsakaninka da wani. Awa nawa muka ba Facebook da TikTok a makon nan, mi muka tashi da shi? Ba na cewa kowa ya je ya sayi tsinke. Mai jarrabawa gobe ya ajiye zare ya ɗauki kaye, wannan ba gardama. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In ka ga ƴar uwa na saƙa, kafin ka tambaye ta jikka nawa ce a kasuwa, tambaye ta wa take yi wa. In kuma mai saƙar sana'a ta faɗa maka kuɗin kayanta, tuna da ido 560 a tafin hannu kafin ka buɗe baki ka taya.