Habbatus Sauda Tsakanin Hadisi da Ɗakin Bincike

A Kasuwar Mboppi da unguwannin Hausawa na New Bell a Duwala, masu tallar habbatus sauda da riɗi da namijin goro sukan haɗa hujjoji biyu wuri guda, wato hadisi ya yabi habbatus sauda, kuma ai Turawa ma sun tabbatar. Abin da Turawan suka gano shi ne sinadaran da ake kira antiokzidan, masu rage ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halittar jiki, ɓarnar da kowane ɗan goro ya san irinta, domin da zarar ya fasa farin goro ya bar shi a sarari, ɓarin zai rine ya yi jaja-jaja. A habbatus sauda sinadarin da ya fi shahara shi ne timokwinon, a riɗi kuwa sesamol.

Tambayar ita ce ko ya dace mumini ya jingina gaskiyar hadisi ga sakamakon ɗakin bincike. Hadisin Abu Huraira, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, bai togace komai daga warakar habbatus sauda ba sai mutuwa, amma malamai ba su taru kan fahimta ɗaya ba. Imam Khaɗɗabi yana ganin lafazin gama-gari ne da ake nufin keɓantacce da shi, wato wasu cututtuka ban da wasu, alhali Ibn Abi Jamra ya bar shi a kan faɗinsa, kamar yadda Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari. Duk cikinsu babu wanda ya jira awon sinadari kafin ya gaskata.

Shi kuwa bincike ɗabi'arsa ce ya gyara maganarsa. A 1994 an fitar da sakamakon wani gwaji a Finlan kan maza masu shan taba kusan 29,000, inda aka ga waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, antiokzidan ɗin da ke cikin karas da manja, sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu, saɓanin abin da aka zata. Wanda ya mai da kalmar antiokzidan shaidar wahayi ya ɗora wa hadisi alhakin kowane sakamako irin wannan, ba tare da nassi ya nemi haka ba. Fahimtar Khaɗɗabi ta fi kauce wa wannan tarko, domin ta bar habbatus sauda a matsayin sababi, wato hanyar da Allah yake saukar da waraka ta cikinta in ya so, ta kuma bar tambayar wace cuta da wane gwargwado a hannun likitan da ke auna jinin mara lafiya.